Tsinkar Barkono a Gandun Baffana

Jiya da hantsi maƙwabciyarmu ta zuba barkono a turmi. Ban gan ta ba, katanga ce tsakaninmu, amma tun kafin in ji ƙarar taɓarya hancina ya ba ni labari. Jikokina suka hau atishawa suna dariya, suka ruga ɗaki. Ni kuwa na ajiye kofin kunun da ke hannuna, abinci ya fita raina har azahar. Kowa da abin da yaji yake tuna masa, wani tsire, wani ɗanwake. Ni baffana yake tuna mini. Kuma in gaya maka gaskiya, mai karatu, duk shekarun nan ba su rage ko ƙwayar gero daga haushinsa da nake ji ba. Na san an ce a rufa wa mamaci asiri. To, ƙasa ta rufa masa, ta isa haka. Ni ban yi wa kowa wannan alkawari ba.

A wani ƙauye tsakanin Danja da Funtua aka haife ni. Lokacin da nake ba ka labari ba a daɗe da samun mulkin kai ba, sai dai mulkin kan bai leƙo gidanmu ba. Gidanmu gandu ne, gona ɗaya, rumbuna ɗaya, baki ɗaya, bakin nan kuwa na baffana ne, yayan mahaifina. Dogo ne mai kaurin murya, wanda in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sukan shiga taitayinsu. Mahaifina mutum ne mai sanyi ƙwarai. Zan iya ƙirga ranakun da na ji ya ce wa yayansa a'a, kuma yatsa ɗaya ya ishe ni.

Muna noma dawa, muna noma auduga kamar kowa a ƙasar nan. Amma abin alfaharin baffana shi ne barkononsa, ƙananan nan masu azabar zafi da ake ce wa tsiduhu, a wani kwari da ke bayan gida. In kaka ta yi, fatake masu kai kaya Kudu sukan zo kasuwar Danja suna tambayar buhunansa, domin in ka zura hannu har ƙasa ba ka fito da fari ko ɗaya. Ka san ɗanyen barkono in aka tsinke shi aka shanya, fari yake komawa, ya ɓata wa buhu fuska. Baffana ya gwammace a taka masa rawani da a tsinke masa ɗanye.

Tsinka aikin mata da yara ne, ana yi duk bayan kwana huɗu ko biyar, gwargwadon yadda ya nuna. Ina kamar shekara takwas aka miƙo mini ƙoƙo, aka ce, “Jajayen za ka tsinka, ka bar ɗanyun.” Magana ce mai sauƙi ga kowa, amma ni a nan gizo ke saƙar. Na tsuguna gaban itacen barkono, ga ganye, ga 'ya'ya birjik, amma 'ya'yan nan duk ɗaya suke a idona, launin busasshiyar ƙasa, wasu sun ɗan fi wasu duhu. Shi ke nan abin da na gani. Ban san akwai abin da sauran mutane ke gani wanda ni ba na gani ba, yaro ba ya sanin irin wannan. Na ɗauka ja suna ne da ake ba barkono in ya girma. Saboda haka na bi manya-manyan ina tsinka, ina ta murna ƙoƙona ya riga na kowa cika.

Ranar farko faɗa na sha. Tsinka ta biyu tsumagiya na sha, har ta kakkarye. Abin da ya ƙara jefa ni cikin uku shi ne idona garau yake ta kowace hanya. Nakan hango fakara a cikin ciyawa tun kare bai ji ƙanshinta ba, nakan zura wa mata zare a allura. Saboda haka baffana ya yanke hukunci cewa da gangan nake yi. Ya kuma samo dalili. Mahaifiyata daga wani ƙauyen Maguzawa take ta wajen Malumfashi, mahaifinta har lokacin bai kama salla ba, baffana kuwa bai taɓa yafe wa mahaifina wannan aure ba. Duk taurin kan da aka gani a gidanmu, in ji shi, ta nonon nan ya shigo.

A wancan zamanin ba baƙon abu ba ne a tsorata yaro mai ƙarya ko mai ɗauke-ɗauke da barkono. Yawanci tsoratarwar ce kawai, a nuna masa a tafin hannu, ya yi kuka ya tuba, a sake shi. Baffana bai san tsoratarwa ba. A tsinka ta uku ya tara gidan duka a bakin shanya, ya zazzage ƙoƙona a ƙasa, ya hau jawabi. Ya yi maganar tarbiyya, ya yi maganar jini, ya yi maganar kakanninmu, har inuwar rumbu ta matsa daga inda take. Da ya gama ya ce, “Idon da ya ƙi ganin ja, yau zai ga ja.” Ya matse ni tsakanin gwiwoyinsa, ya murtsuke barkono a tafinsa, ya shafa mini a ido biyu.

Ba zan tsaya ina kwatanta maka zafin ba, ba shi da kwatanci. Abin da nake so ka sani shi ne babu wanda ya ce uffan. Ni ɗan fari ne. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, balle ta shigar masa faɗa, kunya ce babba. Mahaifiyata tana daka a lokacin. Ina cikin ihu na ji taɓaryarta ta tsaya, sannan na ji ta ci gaba. Sai da kowa ya watse ta ja ni bayan ɗaki, ta yi ta zuba mini madara a ido. A nan, madara tana gangaro mini a wuya, na yi rantsuwa a zuciyata cewa sai na rama. Ban san yadda zan yi ba, ban san yaushe ba. Amma daga ranar ban sake kwana ban tuna ba.

Kwana uku ban buɗe ido sosai ba. A na huɗu mahaifiyata ta ɗaure mini 'yan tsummokarana ba tare da ta dube ni ba, mahaifina ya sa ni gaba, muka yi tafiyar yini zuwa gidan kakana, mahaifinta, wai in taya shi korar tsuntsu.

Kakana gajeren tsoho ne mai yawan dariya, kullum yana ƙanshin taba da hayaƙi. Yana ganina ya ce, “Af, ga ɓarawon matata ya iso. Da waɗannan kumburarrun idanun za ka ƙwace mini ita?” Bai tambaye ni komai ba sai da mahaifina ya juya. Sannan ya kai ni gonarsa, ya tsinko barkono biyu, ya ɗora a tafinsa.

“Wanne ne ja?”

Na nuna ɗaya na kare fuskata da hannu, ina jiran mari. Sai na ji tsoho ya fashe da dariya har da tari.

“Kwantar da hankalinka, angon tsohuwa. Ni ma ban sani ba.”

Ya rufe idonsa, ya murza su ɗaya bayan ɗaya tsakanin yatsunsa, ya kai hanci, ya ɗaga ɗaya ya ce, “Wannan ne.” Ya ƙwala wa kakata kira ta zo ta duba. Ta ce masa ya daina ɓata mata lokaci, yaushe ya taɓa kuskure.

Ranar na fara sanin ba ni kaɗai ba ne, kuma ba mugu ba ne ni. Tsohon nan tun yana saurayi yake noman barkono, bai taɓa ganin jan barkono ba, babu kuma wanda ya sani sai matarsa, ita ke zaɓa masa ko da hular da zai sa. Wata guda na yi wurinsa yana koya wa yatsuna aikin da idona ya kasa. Nunanne yana da laushi a kafaɗa, fatarsa sumul kamar an shafa mai, kana taɓa shi zai biyo hannunka ya bar hularsa a jikin uwa. Ɗanye kuwa tauri gare shi, sai ka yi kokawa da shi, ya zo da karansa. In an riga an tsinke su an gauraya, laushin da ƙanshin su ne jagora. Ya hana ni kallo sam, ya ce ido ne ke ruɗa ni.

Na gaya masa in na girma sai na zuba wa baffana barkono a ido. Ya ce, “Kafin ka girma ya tsufa. Me za ka ci da tsoho?” Ya ga ban yi dariya ba, sai ya gyara zama, ya gaya mini abu biyu. Na farko, kada in faɗa wa kowa, domin mutum in ya san inda idonka ya tsaya, nan zai haƙa maka rami. Na biyu, ya ce abin nan ta wajen mata yake bi ya sauka kan 'ya'yansu maza, shi ma wurin kawunsa ya gan shi. “Kana da ƙane a goye,” in ji shi. “Ka sa ido a kansa. In ka ga alama, ka koya masa da wuri, kada ya sha abin da ka sha.” Na ce to. Damina ta gaba ba ta ƙare ba kakana ya rasu.

Da kaka ta zagayo na koma kwarin baffana da ƙoƙona. Ko ɗanye ɗaya ba a samu a ciki ba. Kafin a gama tsinkar shekarar na fi manyan mata sauri, domin su sai sun duba, ni hannuna kawai nake turawa cikin ganye. Na ɗauka na fara ramawa ke nan, na ɗauka kunya za ta kama shi.

Ashe ban san baffana ba. Mutumin nan sai ya mayar da ni abin tutiyarsa. A wurin suna, a wurin jana'iza, a rumfar kasuwa, sai ya kira ni ya dafa kaina da hannun nan nasa, ya ce, “Kun ga wannan? Da ba ya ganin ja. Ni na buɗe masa ido, shafa ɗaya.” Mutane su yi ta jinjina kai suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Har wani maƙwabcinmu ya zo neman shawara kan ɗansa. Ka duba wannan zalunci. Ya ƙona mini ido, sannan ya ƙwace wahalar kakana da tawa ya ce aikinsa ne. Shekara biyar ina tsaye yana dafa kaina ina murmushi, cikina kuwa kamar an hura gawayi.

A cikin shekarun nan na gane irin ramuwar da nake so. Ba idonsa nake so ba kuma. Bakinsa nake so in kashe, a gaban mazan da yake wa tutiya. Dabarar ma ta zo mini: in ɗaure idona da tsumma in ware ja da ɗanye kowa yana kallo, a ga cewa ido ba shi da hannu a ciki, barkononsa bai buɗe komai ba. Nakan ɓuya bayan rumbu ina gwadawa har na ƙware. Sai dai yaro ba ya tashi haka kawai ya ƙaryata babba. In na yi hakan babu dalili, rashin kunya za a kira shi, a taru a dake ni, baffana ya ƙara girma. Dole sai an kama shi hannu a sama, yana shirin maimaita abin a kan wani, yana kafa hujja da ni.

To, a shekarar ƙanena ya kai bakwai, aka miƙa masa ƙoƙo.

Yaro ne mai shiru, ya ɗauko mahaifinmu, duk inda na sa ƙafa nan yake sa tasa. Ranar farko ya tsuguna kusa da ni a kwari, ya daɗe yana kallon itacen barkono bai taɓa ba. Sannan ya matso ya raɗa mini, “Yaya, ta yaya ake gane ja?”

Na ji maganar kakana a kunnena sarai, kamar yana tsaye a bayana. Abin da zan yi bai wuce in kama yatsunsa in ɗora a kan nunanne ba. Amma wani abu ya yi tsalle a ƙirjina, kuma ba tausayi ba ne, murna ce. Na ce masa, “Ka bi manya-manyan.”

Na faɗa maka ba zan rufa wa mamaci asiri ba. To, ba zan rufa wa kaina ba.

Komai ya tafi yadda na sani. Tsinka ta farko faɗa. Ta biyu tsumagiya, ina ji yana kuka na cije leɓe na ce saura kaɗan. Ta uku kuwa ta faɗo daidai ranar da baffana ya kira gayyar girbin dawa. Mazan ƙauye uku za su zo, da makaɗi, da mai unguwa, kuma da rana ta take duk za su dawo ƙofar gida cin abinci. Na ce wannan Allah ne ya haɗa. Lissafina mai sauƙi ne. Baffana ba ya hukunci sai ya yi dogon jawabi, na sani domin a kaina aka yi. Kafin ya gama jawabin mutane sun iso, ni kuma in fito. Ko ƙwayar barkono ba za ta taɓa yaron ba. Na saci tsohon ɗankwalin mahaifiyata na soke a ƙugu.

Ranar mata suna can suna fama da manyan tukwane, mu yara kaɗai muka je kwari. Muka dawo muka jera ƙoƙuna a bakin shanya, na zame na laɓe bayan rumbu inda nake ganin komai. Can na fara jin ganga daga gona, alamar an tashi. Sai ga baffana ya rigo kowa, ya zo duba ko abinci ya nuna, gumi ya jiƙa masa riga, ƙaiƙayin dawa ya dame shi. Idonsa ya faɗa kan ƙoƙon ƙanena.

Bai yi jawabi ba. Mutumin da ke da baƙi a hanya ba shi da lokacin jawabi, ni kuwa duk wayona ban yi wannan tunanin ba. Ya fizgo yaron ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ya damƙi barkono ya hau murtsukawa. Daga inda nake zuwa inda suke bai fi taku goma ba. Gangar tana matsowa, ta kai wajen rijiya, saura su sha kwana su ɓullo. Ƙanena ya ƙwala, “Yaya!” Ɗankwalin yana hannuna. Na ce a raina, bari su ƙara matsowa kaɗan, kaɗan kawai.

Ya shafa masa a idon hagu.

Kafin ya kai ga na dama mahaifiyata ta fito da muciya a hannu tana kururuwa. Wannan ba ɗan fari ba ne, babu kunyar da za ta riƙe ta. Ta fizge yaron ta yi cikin gida da shi. A daidai nan mazan gayya suka ɓullo, ganga ta yi shiru, mai unguwa ya tambayi abin da ke faruwa. Baffana ya karkaɗe hannu ya ce ba komai, magani yake wa yaro, irin wanda ya yi wa yayansa ya warke.

Sai na fito. Na durƙusa yadda ake durƙusa wa manya, na ce, “Baffa, barkononka ne ya buɗe mini ido?”

“Kowa shaida ne,” in ji shi.

Na miƙa wa mai unguwa ɗankwalin, na ce, “Ranka ya daɗe, a ɗaure mini ido, a ɗaure da kyau.” Tsohon ya dube ni, ya dubi baffana, ya ninka shi huɗu ya ɗaure har kaina ya yi zafi. Na sa aka juye ƙoƙon ƙanena a gabana, ja da ɗanye a gauraye. Na fara warewa, nunanne dama, ɗanye hagu. Da farko ana 'yan dariya. Daga baya ba na jin komai sai numfashin mutane da kukan ƙanena daga cikin gida. Ban yi sauri ba. Na ja abin, ina jin daɗin kowace ƙwaya.

Da na gama na ji wani ya ce, “Ko ɗaya bai kuskure ba.” Na kwance ɗankwalin na ce, “Da hannu nake ganewa, kakana na wajen uwa ya koya mini, shi ma haka Allah ya yi shi. Idona yadda yake kafin barkono haka yake yau, ban taɓa ganin ja ba. Ƙanena ma haka. Ba mugunta muke yi ba.”

Mai unguwa ya dubi baffana. Sannan ya ce, “Malam, ka zalunci yaran nan.” Ya ɗauki sandarsa ya juya. Ka san abin da ya fi duka ciwo ga mai gayya? A ƙi cin abincinsa. Mazan nan ɗaya bayan ɗaya suka saɓa magirbansu suka bi bayan mai unguwa, aka bar akusan tuwo jere a ƙofar gida ƙudaje suna bi. Baffana yana tsaye, bakin nan da ke cika zaure ya buɗe ya rufe, babu abin da ya fito. Kafin mako ya zagayo an laƙaba masa suna, likitan ido, kuma sunan ya bi shi har kabari, yara kan faɗa in ya wuce su ruga. Bayan an gama girbi mahaifina ya shiga zaure ya ce a raba gandu. Wannan ita ce a'a ɗin da na ce maka yatsa ɗaya ya isa ƙirga ta.

Na ji daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ni na ɗanɗana, kuma har yau in na tuna fuskarsa a ranar sai in ji sanyi a raina.

Amma idon ƙanena bai yi irin nawa ba. Nawa kwana uku ya yi ya washe. Nasa, ko ƙwayar barkono ce ta karce shi, ko murzar da ya yi da hannu mai ƙasa ce, Allah masani. Ya kumbura, ya fara ruwa, ya koma mugunya. Aka yi na gida har mako biyu, sannan mahaifina ya ɗora shi a jaki zuwa asibiti a Funtua. Suka wanke, suka ba da magani, ciwon ya mutu, amma hakiya ta riga ta rufe baƙin idon. Tun yana shekara bakwai da ido ɗaya yake duniya. Kowa ya ɗora laifin a kan baffana, ni ma na taya su, da ƙarfi ma fiye da kowa.

Baffana ya yi tsawon rai. Da ciwon ajali ya kama shi ya sa aka tara mu, lokacin duk mun yi iyali, yana neman gafara da 'yar muryar da ta rage masa. Ƙanena ya ce, “Na yafe, Baffa, duniya da lahira.” Aka juyo ana kallona. Na tashi na fita waje. Na bi gawarsa, na sa hannu a haƙan kabarinsa, amma kalmar nan ba ta fita bakina ba, kuma har yanzu da nake rubuta wannan ba ta fita ba. Malamai sun yi mini wa'azi, na ji, na gode.

Yanzu duniya ta sake. Gandu ya watse ko'ina, kwarin nan gidaje ne. Ɗan 'yata da ya shiga makaranta malaminsa ya lura yana rikita launi, aka kai shi asibiti, aka buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige, kafin shayi ya huce an gane. Likita ya ce ba ciwo ba ne, ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa, gado ne da ke bi ta wajen uwa. Na yi dariya, na ce wani tsoho da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya riga shi faɗa. Yaron ya dawo gida yana tsalle, ya samu abin ba abokansa labari. Ko harara babu wanda ya yi masa.

Wannan ne ya sa da ƙanena ya zo mini gaisuwar Salla bara, mu biyu a zaure, duk mun yi furfura, na ga ba zan iya ci gaba da riƙewa ba. Na gaya masa komai, tun daga “ka bi manya-manyan” har zuwa taku goman nan. Ya saurara yana murza carbinsa, bai katse ni ba.

“Na sani, Yaya,” in ji shi. “Ai na hango ka a bayan rumbu da ɗankwalin Inna a hannu. Shi ya sa na kira ka.”

Na ce, “Shekara sittin, ba ka taɓa faɗa ba?”

“Mutum ɗaya ka ƙi, na ga yadda ya cinye maka rai. In na faɗa sai su zama biyu, har da kai kanka.”

Bai jira amsata ba. Ya laluba takalmansa ya ce zai koma kafin motocin Danja su ƙare. Na raka shi tasha. Titin cike yake da babura, ga masu yawon Salla ta ko'ina, sai na koma ta hagunsa, wajen da ba ya gani, na riƙe masa hannun riga har muka tsallaka.